Yatsa Biyu Kowace Safiya

Litinin, 2 ga Yuni

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta kalmomin Turanci, amma ga shi tun shafin farko na fara surutu.

Manajan sitonmu ya kira ni yau bayan mun gama sauke kwalaye. Ya ce shekara huɗu yana kallona ina ɗaukar kaya a kafaɗa ban taɓa fasa ko kofi ba, me zai hana in gwada jarrabawar tuƙin motar ɗaga kaya. Ƙarshen Yuli za a yi. Tuƙin ba ya ba ni tsoro, na sha juya ta a bayan sito in direba ya tafi cin abinci. Takardar ce matsala. Ya miƙo mini ɗan littafi, shafi talatin da shida, Turanci zalla. Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare.

Da na dawo gida na ajiye shi a gefen teburin Baba. Ya ɗauka, ya shafa bangon, ya ce me ke ciki. Na ce yadda ake duba mota kafin a tayar da ita, abin da ake cirewa da abin da ake mayarwa. Sai ya gyara zama. Ya ce, "Auta, ai ka zo gida. Wannan Turancin nawa ne."

Da gaskiyarsa. Shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki, duk Turancinsa daga littattafan kekuna ya kwaso shi. In Bature ya gaishe shi a hanya ba zai iya amsawa ba, amma ya san hanya goma ta cewa a cire abu.

Kalmar yau: remove. Cire abu daga wurinsa, ba faɗa ba rigima. Baba ya ce ita ce uwa, sauran duk 'ya'yanta ne, kowa da halinsa.

Laraba, 4 ga Yuni

Baba ba ya yarda in rubuta kalma sai na yi ta da hannu tukuna.

Withdraw: ya sa na sassauta notin allura, na zare ta a hankali ta hanyar da ta shiga. Extract: ya ba ni hantsaki in zaƙulo guntun allurar da ta karye a cikin wani tsohon kan keke. Minti ashirin ina fama. Ya ce to ka ji bambancin, na farko yana son fita, na biyu ba ya so.

Maiɗakina tana daga bakin kicin tana jin mu. Baba ne ya sa mata suna Shugaba tun watan da ta shigo gidan, har ni ma na bi. Ta ce, "Baba, yaya ake cewa maigida ya kwashe takalmansa daga bakin ƙofa?"

Ya ce, "Wannan eject ne, 'yata. Da ƙafa ake yi."

Suka yi ta dariya su biyu. Na kwashe takalman.

Asabar, 7 ga Yuni

Shugaba ta zaunar da ni yau da hantsi. Cikinta wata bakwai. Mahaifiyarta za ta zo a Agusta ta zauna da mu bayan haihuwa, kuma ɗaki biyu ne da falo: namu da gado ya cinye, na Baba da ko juyawa da ƙyar ake yi. Babu inda za a kafa mata ƙaramin gado sai falo, falon kuma teburin Baba ya raba shi biyu, yana jikin taga a tsakiyar bango. In ya koma kusurwar dama, wuri ya samu.

Ta ce, "Magana ce ta minti biyu. Ka ce Baba, muna son a matsar da tebur. Ko ni in faɗa?"

Na ce a'a, ni zan faɗa.

Ta ce, "Yaushe, Sarkin Haƙuri? Ranar da yaron zai shiga makaranta?"

Lahadi, 8 ga Yuni

Na buɗe baki sau biyu. Na farko na tambaye shi ko yana son shayi. Na biyu na ce wai zafi ake yi.

Teburin nan ya girme ni a gidan. A ƙarƙashinsa na koyi rarrafe. Marigayiya Inna a gefensa take zama tana tsince masa zare daga kwarkwaro suna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yayyena duk sun watse garuruwa, shi da teburin suka rage, sai ni. Ta yaya zan ce masa ya matsa?

Talata, 10 ga Yuni

Dabara ta zo mini a wurin aiki. In muna son gusar da babban akwati mu kaɗai, ba a ɗagawa, tsumma ake cusawa ƙarƙashin ƙafa a tura kaɗan-kaɗan.

Yau da safe Baba yana wanka, ƙarar ruwa ta rufe komai. Na sa tsumma, na tura teburin dama, faɗin yatsa biyu. Na matsar da kujerarsa daidai haka. Ya fito, ya zauna, ya ci gaba da keken da ya bari jiya. Ko gezau.

In na yi haka kullum, kafin Agusta yana kusurwa, ba wanda ransa ya ɓaci. Zai ɗauka can yake tun da.

Alhamis, 12 ga Yuni

Yatsa biyu. Kalma: replace, a cire tsoho a sa sabo. Baba ba ya son ta. Ya ce kalmar malalatan makanikai ce, waɗanda ba su iya gyara ba sai sauyawa.

Asabar, 14 ga Yuni

Dislodge. Wannan na sha wuya kafin in iya faɗa. Abin da ya maƙale ya daɗe, tsatsa ta kama shi, sai an ɗiga mai an jira, an ɗan bubbuga gefe, sannan ya saki. Baba ya ce ba ƙarfi take so ba, lallashi take so. Ya ce, "Kai za ka iya ta. Tun kana yaro in aka ba ka ƙulli ba ka yankewa, sai ka zauna ka kwance."

Na ji daɗin maganar har na tafi aiki da ita.

Laraba, 18 ga Yuni

Baba ya bugi kusurwar tebur da ƙugu yana fitowa daga ɗaki. Ya tsaya yana murza wurin. Na ce sannu. Ya ce ba komai, gaggawa ce.

Yatsa biyu na yau na riga na yi kafin nan.

Juma'a, 20 ga Yuni

Shugaba ta kama ni. Ba ganina ta yi ba, ledar ƙasa ce ta tona. Inda ƙafafun tebur suka zauna shekara da shekaru akwai rami huɗu, launin wurin ma daban. Tana shara ta gan su a fili.

Ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. "Wato abin da ka zaɓa ke nan? Satar falo da yatsa?"

Na ce ba sata ba ce, sauƙaƙawa ce.

Ta ce, "Wa kake sauƙaƙa wa, shi ko bakinka?" Ta yi dariya duk da haka, ta riƙe ciki. Ta ce ita ba ruwanta, amma ranar da abin ya fashe kada in ce da ita aka haɗa baki. Na shimfiɗa ɗan kafet a kan ramukan.

Litinin, 23 ga Yuni

Wani abu na gani yau ban so ba.

A bangon hagu da taga akwai allon da Baba ke rataye kayan aiki, kowanne da ƙusarsa: sukudireba uku, filaya, hantsaki, ƙananan sifanu. Tun ina yaro ba ya kallon allon in zai ɗauki abu, hannu kawai yake miƙawa ya dawo da abin da yake so. Yau ya miƙa, hannun ya kama iska. Ya sake miƙawa, ya taɓa bango tsirara. Sai ya bi bangon da yatsu har ya iske sukudireba. Da ya ɗauko bai yi aiki da ita ba, ya riƙe ta a cinya ya daɗe.

Na ce a raina tsufa ne. Kowa yana kuskure.

Alhamis, 26 ga Yuni

Darasi ya yi gajere. Prise off, ɓanɓare murfi da bakin ƙarfe. Ya ce in ɗauko masa jan littafinsa ya nuna mini inda take. Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya karanto layi uku ba tuntuɓe.

Ina tsaye a bayansa. Shafin da ya buɗe hoton feda ne da bel, babu rubutu ko ɗaya sai lamba a ƙasa.

Na koma na zauna na rubuta kalmar.

Yanzu abubuwa suna ta dawo mini. Yadda yake shafa komai kafin ya ce menene. Yadda ya daina zura zare a allura a gaban mutane, sai ya ce wa mai keke, zura da kanki in ga yadda kike yi. Yadda yake sanin ni ne ko Shugaba tun daga matakala. Tun yaushe? Gida ɗaya muke kwana.

Asabar, 28 ga Yuni

Na tura yau ma. Ban san me ya sa ba. Hannuna ya saba, ruwa na fara zuba sai in ga kaina a durƙushe da tsumma.

Talata, 1 ga Yuli

Baba yana ƙirga taku. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa kujera, leɓensa yana motsi. Ya kai inda yake zaton kujera take, ya laluba, babu, ya ƙara rabin taku ya same ta. Ya zauna ya ce, "Auta, yau wace rana ce?"

Na ce Talata.

Ya ce, "Na san Talata ce. Gwadawa nake."

Bai ci burodinsa ba. Shugaba ta yi masa tsiya wai ko ya fara rage tumbi ne don baƙuwar da za ta zo, bai rama ba. Baba da ba a taɓa tsokanarsa a tafi da bashin amsa ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Wata mata mai ɗinkin labule ta zo da yamma, ta hawo bene biyu da kan keke a rungume tana haki. Shekara ashirin shi yake yi mata gyara. Ta ce yana tsallake ɗinki, ga aikin otal an ba ta, Litinin za a karɓa.

Baba ko taɓa keken bai yi ba. Ya ce ta kai wa masu shagon bakin titi.

Ta ce, "Waɗancan? Su da komai sai su ce a sayi sabo? Baba, wasa kake."

Ya ce, "Na daina, 'yar nan. Ki yi haƙuri."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ni na sauke mata keken har bakin hanya. Tana ta tambayata ko ba shi da lafiya, ko ta yi masa wani laifi ne.

Da safe na tura. Shi ne na goma sha takwas, don akwai ranakun da ban samu dama ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ya kira ni bayan la'asar, Shugaba ta fita awo. Ya ce in jawo kujera kusa.

Ba zan iya rubuta duka ba. Ya ce idonsa ya daɗe da tafiya, shekara biyu ke nan ba ya ganin komai sai haske da inuwa, kamar ta cikin farin ƙyalle. Bai faɗa ba don bai ga amfanin tayar mana da hankali ba, tunda hannu yana gani. Ya san inda kowace ƙusa take, ya san taku nawa ne daga ko'ina zuwa ko'ina a gidan nan.

"Amma yanzu hannun ya fara ƙarya," ya ce. "In na miƙa, abu ba ya nan. Kullum yana ƙara nisa. Iskar taga da take bugun goshina ta koma kunnen hagu. Ka tuna Baffanka?"

Na tuna. Yayan Baba ne. A ƙarshen rayuwarsa yakan tsaya a ƙofar gidansa yana tambayar masu wucewa ina gidansa.

Ya ce haka nasa ya fara, da ɓatan wurare. Ya ce ido ba komai ba ne, amma in kai ya tafi, ba ya son ya lalata keken mutane, ba ya kuma son a bar jariri kusa da shi shi kaɗai. Ya ciro makullin akwatin kayan aikinsa daga aljihu ya laluba hannuna ya sa. "Kada ka faɗa wa 'yata yanzu. Bari ta sauka lafiya."

Makulli yana hannuna. Na ce to, Baba. Wallahi abin da na ce ke nan. To, Baba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na faɗa wa Shugaba komai a kicin, duk da ya hana. Ta zauna a kan bokiti ta yi kuka mara sauti.

Na ce na yi tunani. Zan riƙa mayar da shi hagu, yatsa biyu kullum, cikin kwana goma sha takwas ya koma inda yake, shi kuma ya ga ya warke.

Ta share ido ta kalle ni kamar ta ga sabon abu. "Wato ka ruɗa shi zuwa dama, yanzu za ka ruɗa shi zuwa hagu."

Na ce to in mayar gaba ɗaya yana wanka.

"Sai ya fito ya ga duniya ta yi tsalle. Ka ƙarasa shi ke nan." Ta kama kunnena, ba da wasa sosai ba. "Mijina, kai mutumin kirki ne, amma ka fi son ka ɗauki firji a ka da ka faɗi magana ɗaya. Je ka faɗa masa. Ina nan ina jinka."

Ban je ba. Na ce gobe.

Litinin, 7 ga Yuli

Na faɗa.

Kafin in tafi aiki ne, yana zaune a bakin gadonsa, ko falon bai fito ba. Na durƙusa na ce Baba, ba kanka ba ne, ni ne. Na faɗi maganar gado da baƙuwa da tsumma da wanka. Na yi ta zuba ba tsari, ina maimaitawa.

Sannan ya ce, "Kai ni."

Na riƙe hannunsa zuwa falo. Na ɗage kafet. Ya sauka a kan gwiwa da kansa, ya laluba ledar har yatsansa ya faɗa ramin farko. Daga nan ya ɗora gwiwar hannu ya auna zuwa ƙafar tebur, kamar yadda ake auna yadi.

"Nawa kake turawa?"

"Yatsa biyu."

"Sau nawa?"

"Goma sha takwas."

Leɓensa ya yi motsi. "Kamu ɗaya da rabi," ya ce. "Ran Alhamis na ce wa kaina sukudireba ta yi nisa da kamu ɗaya da rabi. Na ce wane irin hauka ne wannan mai awo." Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar tebur. Ya ɗaga hannayensa biyu a gaban fuskarsa kamar yana ganinsu. "Ashe ku kuna da gaskiya."

Da su yake, ba da ni ba. Na ajiye makullin a kan tebur na tafi aiki a makare.

Talata, 8 ga Yuli

Ba ya yi mini magana. In yana son abu sai ya ce, "'Yata, ki ce wa mijinki ya miƙo gishiri." Ina zaune kusa da shi.

Amma ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Alhamis, 10 ga Yuli

Kwana uku. Na gaishe shi, ya amsa wa bango.

Na buɗe littafin jarrabawa ni kaɗai, na ci karo da displace a shafi na ashirin, inda ake maganar kaya a kan cokulan ƙarfen da motar ke ɗaga kaya da su in an taka birki da ƙarfi. Na karanta da ƙarfi sau biyu yadda zai ji, na karanta ta a karkace da gangan. Bai tanka ba. Sai da na tashi zan fita na ji yana cewa Shugaba, "Ki gaya masa ba haka ake faɗa ba. Kuma ma'anarta abu ya goce daga mazauninsa ba da son mai shi ba. Ya san ta ai. Ya ƙware."

Shugaba ta ce, "Baba, in gaya masa duka, ko in rage na ƙarshen?"

"Duka."

Asabar, 12 ga Yuli

Yau ya yi mini magana, kuma na gwammace shirun.

Ya ce abin da ya ƙona masa rai ba teburin ba ne. "Ka ɗauke ni tsohon noti mai tsatsa, sai an ɗiga mai an bubbuga gefe. Ni ubanka ne. Da ka ce Baba matsa, jikanka na zuwa, da ni zan riƙe ɗaya gefen." Ya ce mako uku yana kwana yana tashi da Baffa a ransa.

Na ce na tuba. Na ce shi ma ai shekara biyu bai faɗa mana maganar ido ba.

Ban san daga ina ta fito ba. Ban taɓa mayar masa da magana ba tunda aka haife ni. Shugaba ta daina yankan albasa.

Can ya ce, "To. Ashe gado ka yi." Ya ɗan murmusa ta gefe ɗaya. "Ɗauko guduma."

Muka yi aikin gaba ɗaya yau, cikin awa uku. Shi yake ba da umarni daga kujera, da Turancinsa na littafi. Remove, na sauke kawunan kekuna huɗu. Withdraw, na zare aljihunan tebur. Ƙusoshin allo suka ƙi fita, ya ce extract, kuma in na fasa siminti ni da mai gidan da muke haya. Kowane abu sai ya ratsa ta hannunsa kafin in ajiye.

Da muka zo kan inda za a kafa, na ce ko a bar shi rabi a jikin taga saboda haske. Ya ce, "Hasken me? Taga ta masu ido ce. A ba jariri." Ya zaɓi kusurwar da ta fi ko'ina duhu, kusa da ƙofar ɗakinsa, taku huɗu. Ya tsaya ya miƙa hannun hagu ya dafa bango, ya ce in buga ƙusar farko a ƙarƙashin babban yatsansa. Na ɗaga guduma. Ya ce, "In ka buge ni ma ba sabon abu ba ne."

Lahadi, 13 ga Yuli

Tun safe yana miƙa hannu yana ɗaukowa yana mayarwa, ba aikin komai, haddacewa yake. Sukudireba, filaya, hantsaki. Ya kuskure sau biyu, na uku ya kama. Ya ce kowa ya taɓa masa ko tsinke a wurin nan sai ya faɗa da baki, da ƙarfi, a gaban shaida.

Shugaba ta ce ta yarda, da sharaɗin ran Laraba za mu asibitin ido. Ya ce ba ya zuwa. Ta ce ba tambaya ta yi ba. Ya ce da ni, "Ka ga abin da ya sa na sa mata sunan."

Laraba, 16 ga Yuli

Mun je. Sun ce na dama ya wuce gyara, na hagu wataƙila, sai an sake dubawa bayan wata biyu. A hanyar dawowa ya riƙe gwiwar hannuna a fili, a titi, ba ya ɓoyewa. Ya ce likitar yarinya ce amma hannunta bai da rawa, da ta yi makanikiya.

Asabar, 19 ga Yuli

Na je shagon mai labule da kaina. Ta kai keken bakin titi, sun sauya mata abu biyu, har yanzu yana tsallake. Aikin otal ɗin da keken aro ta gama. Na ce Baba ya ce ta kawo. Ta ce ita fushi take. Na ɗauko keken, ta biyo ni tana fushin har bene.

Baba ya juya shi da hannu sau uku, kunnensa a jikin ƙarfe. Ya ce ƙugiyar da ke kama zare tana makara, kaɗan. Ya san abin da za a yi, amma akwai ɗan layi a jikin sandar allura da sai an gani. Ya ce, "Auta, zo ka ara mini ido." Na faɗa masa lokacin da layin ya zo daidai, shi ya ɗaure notin.

Da ta gwada a ƙyalle ta ce dama ta san wasa yake. Ya ce e, hutu ya ɗauka.

Alhamis, 24 ga Yuli

Jarrabawa. Tambaya talatin. Remove ta fito sau biyar, displace sau ɗaya, na kusa yin dariya a ɗakin.

Talata, 29 ga Yuli

Na ci. Manaja ya ce Litinin zan hau mota. Baba ya ce shi ya ci, ni alƙalami kawai na riƙe.

An kawo ƙaramin gadon, yana ƙarƙashin taga. Ramuka huɗun suna nan a leda, ba wanda ya rufe su.

Asabar, 2 ga Agusta

Shugaba ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, tana kwance a sabon gadon wai tana gwada wa mahaifiyarta. Jibi za ta iso.

Wani tela ya kawo keke da safe, zare yana cukurkuɗewa a ƙasa. Baba ya ce in buɗe, shi zai faɗa mini. Na zare farantin allura, na kwashe ƙurar zare da ta toshe haƙora, ina faɗa masa abin da nake gani yana cewa uhm. Can na ji uhm ɗin ta daina zuwa. Na waiga, ya yi barci a kujera, baki a ɗan buɗe.

Ban tashe shi ba. Na ɗiga mai, na mayar da komai, na gwada a guntun yadi.

Da ya farka na miƙa masa yadin. Ya bi ɗinkin da babban yatsa daga farko har ƙarshe, ya juya bayan ya sake bi. Ya ce zaren ƙasa ya ɗan yi tauri. Ya miƙa hannu bango, ya ɗauko ƙaramar sukudireba, ya ba ni. Bai taso daga kujerar ba.

Ni dai direban motar ɗaga kaya ne daga Litinin, wannan ba sana'ata ba ce. Wata mata daga bene na huɗu ta ce nata yana karya allura. Na ce ta kawo da yamma, bayan na taso.